Gidajen sauƙi a unguwar da ta yi tsada: wa zai kwana ciki?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne, kuma ni ke riƙe da rubutun kwamitin unguwarmu, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar Yamai. Muna da wani fili da ya kai hekta guda. Yara na buga ƙwallo a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma bukkokin wasu iyalai ne masu gadi. Yanzu wani ɗan kasuwa ya zo, ya ce da sanin hukuma zai gina gidaje 50 masu sauƙin kuɗi, bene hawa ɗaya, mafi araha miliyan 12 na sefa. Unguwa ta rabu uku. Masu sababbin manyan gidaje sun ce a'a, cunkoso da ƙazanta za a kawo musu, darajar gidajensu ta faɗi. 'Yan haya sun ce a gina, ko sa samu sauƙi, don haya ta gallabe su. Wasu dattawa kuma sun ce yaudara ce, manya za su rabe gidajen. Mai unguwa ya kira taro nan da mako biyu. Wane ɓangare ya kamata in bi?

Amsa: Ƙanena, na gode da ka kawo lissafin kuɗin a cikin tambayarka, don da shi za mu fara. Na shekara fiye da 20 ina aikin awon filaye da tsara unguwanni a Yamai, na zauna irin wannan taro ban san iyaka ba, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake ɓata: a kwana ana musu kan a gina ko kar a gina, a watse ba wanda ya tambayi wa zai kwana cikin gidajen bayan shekara biyar. Ra'ayina shi ne ka goyi bayan ginin, amma kar ka ɗaga hannu sai an rubuta amsar wannan tambaya a takarda, an sa hannu, an buga hatimi.

Ɗauki alli, tunda sana'arka ce. Miliyan 12, a ce banki ya ba mutum shekara 15 ya biya, wata 180 kenan. Ko ba a ɗora kuɗin ruwa ba, kowane wata sai ya fidda sama da jika 66, wato sefa dubu 66. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar jika 42 ne tun farkon 2024, kafin nan ma jika 30 ne da 'yan kai. Ka ga ko mutum ya miƙa albashinsa dungum, bai ci ba bai sha ba, bai kai ba. Bankuna kuwa ba su cika yarda biyan bashi ya wuce sulusin albashi ba. Wato mai sayen gida mafi araha a cikin gidajen nan sai wanda ke ɗaukar wajen jika 200 a wata, kuma albashin yana bi ta banki, da takardar shaida daga wurin aikinsa. To, cikin 'yan hayar da suka ce a gina, mutum nawa ne haka? Tela, mai kabu-kabu, mai wankin kaya, mai tuyar ƙosai, ɗan tireda, magini mai aikin yini. Wasunsu suna samun kuɗi, wani ma ya fi ka samu, amma kuɗin hannu da hannu ne, banki bai san da zamansu ba.

Wannan ba laifin ɗan kasuwar nan ba ne shi kaɗai, haka tsarin ya taso. SONUCI, kamfanin gine-ginen gidaje na gwamnati, ta daɗe tana gina rukunin gidaje a Yamai, an buɗe bankin gidaje na ƙasa a 2018, an yi gidajen Francophonie saboda wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2005, daga baya mutane suka shiga. Duk sun yi amfani, ma'aikata da yawa sun samu matsuguni. Sai dai ƙofar shiga ɗaya ce, albashi. Talakan Yamai kuwa haya yake yi, ɗaki ɗaya ko ciki da falo a gidan tsakar gida, bayi ɗaya, famfo ɗaya idan akwai, in babu sai 'yan garuwa. Shi gidan sayarwa, komai arharsa, labari ne yake ji. Don haka idan duka gidaje 50 ɗin na sayarwa ne, ku kira su da sunansu na gaskiya: gidajen matsakaitan ma'aikata. Ba abin kunya ba ne, malamai da ma'aikatan jinya su ma suna buƙata, wataƙila kai ma kana ciki. Amma kar a shafa wa 'yan haya zuma a baki, su cika taro da tafi, ranar raba makullai su tsaya daga nesa suna kallo.

Yanzu bari in daɗe kaɗan kan abin da ke korar mutane daga irin unguwarku, domin in ba ka gane shi ba, za ka yi ta faɗa da inuwa.

Ba katafila ba ce ke tashin yawancin 'yan haya a tsakiyar Yamai. Rabon gado ne. Akwai wani gida da aka kira ni in auna, shekarun baya, a wata tsohuwar unguwa kusa da kasuwa. Gidan laka ne rufin kwano, murabba'in mita 600, maigidan ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya 14. A cikin gidan, ban da iyalinsa, akwai ɗakunan haya tara. Na shiga da safe, na tarar da tsakar gida kamar ƙaramar kasuwa: murhu biyar a jere, igiyar shanya ta ratsa daga bishiyar bedi zuwa ƙofar bayi, wata tsohuwa Ba'adara tana gyaran zogalen kwaɗo a cikin babbar roba. Magada sun zauna sun yi lissafi. In an raba kuɗin hayar ɗakuna tara tsakanin mutum 16, kowa abin da zai samu bai wuce kuɗin kati ba, ga gyaran rufi duk damina, ga yashe masai. Sai ga wani Alhaji ya taya gidan da kuɗin da ba su taɓa ji ba, saboda kwalta ta biyo ta ƙofar. Wa zai ga laifinsu? Kowa ya karɓi rabonsa, ya sayi fili a bayan gari, wani ya yi jari, wata ta tafi Makka.

Da na ja igiyar awo ta gefen tsohuwar nan, sai ta ɗago kai ta ce mini: "Ɗana, in kun gama awon, ku auna muna inda za mu." Ban sami abin ce mata ba. An ba su wata uku. Bayan shekara ɗaya na wuce, na ga katanga mai tsayi, da waya a samanta, shaguna huɗu a gaba, gida ɗaya a ciki. Inda mutum kusan 50 ke kwana, yanzu bakwai ne da mai gadi. Ita kuwa na haɗu da ita daga baya a bakin kasuwar, ta ce ta sami ɗaki can bayan Koira Tegui, hayar ta fi sauƙi, amma abin da ta rage a haya ya tafi a kuɗin mota, kuma kafin ta iso da robarta masu saye sun karya da wani abin.

Ka ninka wannan gida sau ɗari, shi ne abin da ke faruwa da unguwarku. Kowane gidan gado da aka sayar, ɗakunan haya takwas ko goma sun ɓace, waɗanda suka rage sai su yi tsada, mai gida ya fara neman kuɗin wata uku ko shida a gaba, dillali ya karɓi nasa. Abin ya ƙara gudu tun da aka shiga shirin ƙawata birni na Niamey Nyala zamanin shugaba Issoufou Mahamadou, aka yi gadojin sama, aka shimfiɗa tituna, aka tashi rumfunan bakin hanya, sannan aka gina manyan otal-otal da zauren taro na Mahatma Gandhi a zamanin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019. Gari ya yi kyau, ba mai musu. Amma duk inda kwalta da fitila suka shiga, kuɗin ƙasa na biye da su.

Kuma ba yau aka fara ba. Tun da aka maido babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, Turawa suka ɗauki tudun Plateau suka bar kwarin Gounti Yéna ya raba su da 'yan ƙasa. Zamanin kuɗin uraniyom an tashi mutanen Gaweye daga bakin kogi, aka gina otal da zauren taro a wurin, sunan unguwar ya ƙetare ruwa tare da su. Sunayen unguwanninmu ma kaɗai sun isa tarihi: Boukoki bukkoki ne, Recasement sake tsugunarwa ne da Faransanci, Koira Tegui kuwa sabon gari ne da Zabarmanci. Kullum mai ƙaramin ƙarfi ana matsar da shi gaba. Bambancin da da yanzu, da can gaban kusa ne, yanzu ya yi nisa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a Yamai, kuma kowa ya san an wuce nan nesa. Wanda bai iya zuwa nesa ba sai ya faɗa inda bai kamata a zauna ba, cikin kwari, ko bakin kogi, ko cikin dajin bedin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye gari ya tare iska da ƙura. A Satumban 2020 ruwan kogi ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsa, ya shiga unguwannin Harobanda, ƙetaren kogi. Ka tambayi kanka su wane ne suka fi kwana a makarantu a wannan lokaci. Shi ya sa nake ganin duk hektar da ta rage a tsakiyar gari, inda ruwa da wuta da makaranta da kasuwa suke kusa, asara ce a yanka ta gida goma sha.

Ga lissafin. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Cire hanyoyi da magudanai, a ce saura 7,000. In aka yanka filaye masu mita 400 yadda aka saba, gida 17 za a samu. In masu 600 ne, 11. Da ƙananan benaye manne da juna kuwa, 50 ɗin da ya faɗa za su shiga ba matsi. Ta wannan fuska ɗan kasuwar ya fi masu adawa da shi gaskiya.

Sai maganar masu manyan gidaje. Kar ka raina su a taro, kuma kar ka bari matasa su yi musu ihu, don cikin maganarsu akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Batun darajar gida za ta faɗi, wannan ƙaiƙayi ne. A iya aikina ban taɓa ganin fili a tsakiyar Yamai ya rage kuɗi don an gina gidaje masu tsari kusa da shi ba. Kango mai tara shara da ledoji shi ya fi ɓata maƙwabta. Batun wai za a kawo ɓarayi kuwa ban ma son tsayawa kansa. Mutanen da ake nufi su ne ke musu gadi, su ke musu wanki, 'ya'yansu mata ke musu shara da reno. Wanda ka ba makullin gidanka da rana, ban ga yadda zai zama abin tsoro don ya kwana a layinku ba.

Amma batun ruwa gaskiya ne, kuma a nan ina da tabo. Akwai wani rukunin gidaje da na yi wa awo ina matashi. A zane akwai babbar magudana da za ta kwashe ruwan sama ta kai shi kwari. Aka gina gidaje, aka sayar, kuɗin magudana aka ce sai baɗi. Na ga haka, na yi shiru, na sa hannu a takardar kammala nawa aikin, don a ganina ba hurumina ba ne. Damina ta biyu, ruwan da a da yake nutsewa cikin yashin filin ya rasa wurin shiga, rufin kwano da daɓen siminti suka tattara shi suka tura wa gidajen lakar da ke gangare. Na je da kaina na ga bango ya jiƙe har gwiwa, wani magidanci yana kwarfar ruwa daga ɗaki da kwanon tuwo, katifa a kan katanga. Ɗakuna uku suka faɗi a layin, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Har yau in na bi ta wurin sai in kau da kai. Filinku na yanzu yana shan ruwa ba ku sani ba. Ranar da aka rufe shi da siminti, ruwan zai nemi ƙofar wani, kuma ba ƙofar mai doguwar katanga zai fara bugawa ba. Don haka ku riƙe wannan ƙorafi hannu biyu, ku maida shi sharaɗi: magudana kafin tubalin farko, a gani da ido. Haka ramukan masai, a san inda za su da yadda motar yashewa za ta shiga. Haka ƙarfin famfo, don a watannin zafi, Afrilu da Mayu, wasu unguwanni sai tsakar dare ruwa ke zuwa, in aka ƙara gida 50 kan ƙaramin bututu kowa zai ji a jikinsa. Wuta ma a tambaya ko za a sa musu taransifoma tasu.

Akwai kuma ƙorafin da mutane ke jin nauyin faɗa a fili, sai su lulluɓe shi da wata magana: bene yana leƙa tsakar gida. A wurinmu tsakar gida nan ne mata ke girki, da wanka wa yara, da kwana lokacin zafi. Magidancin da ya ce ba ya son taga a saman iyalinsa ba ƙyashi yake ba. Maganinsa a zane yake, tagogin sama su fuskanci hanya ko tsakar gidan kansu, na ɓangaren maƙwabta a ɗaga su sama da kai ko a yi musu tubali mai huji. Ka nemi a kawo zanen a taro, a shimfiɗa shi kan tabarma, kowa ya nuna gidansa. Na sha ganin mai adawa ya sauko da an juya taga ɗaya.

In kana son ganin misali, je unguwar Niamey 2000. Akwai wasu gidaje shida da aka kammala a 2016, aikin wata ƙungiyar masu zane da 'yar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara ke ciki, ita ce kuma ta yi aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa. Benaye ne na tubalin ƙasa da aka matse da inji, manne da juna, kowanne da ɗan tsakar gidansa a killace. Su ma don masu matsakaicin hali aka yi su, ba don mai ƙosai ba. Abin koyi a ciki shi ne an tara gidaje a ƙaramin wuri ba a tona asirin kowa ba, kuma ɗakin ƙasa ya fi na bulo da kwano sanyi, wanda duk wanda ya kwana Yamai a watan Afrilu ya san darajar wannan. Mutanenmu dai sun ɗauka laka talauci ce, siminti arziki, ko da za su gasu a ciki. Wannan wata magana ce ta daban.

Dattawan da suka ce yaudara ce, da tsohuwar zuma ake magani. Sun ga jiya. Abu na farko da za ka yi gobe da safe, tun kafin taro, ka binciki asalin filin. Kowace unguwa da aka yi wa lotisma, wato aka yanka ta filaye a hukumance, tana da taswira, kuma a taswirar akan ware wurare don makaranta, ɗakin shan magani, kasuwa ko filin wasa. Fili mai hekta guda da ya tsira a tsakiyar tsohuwar unguwa har yau, biri ya yi kama da mutum, da wuya in ba irin wannan keɓaɓɓen wuri ba ne. In haka ne, ba a mayar da shi wurin gidaje da baki, sai da takardar hukuma da ta sauya masa matsayi. Ku rubuta wasiƙa da sunan kwamiti zuwa ma'aikatar magajin gari ta da'irarku da ofishin kula da filaye, ku nemi ganin taswirar, ku riƙe kwafin wasiƙar da hatimin karɓa. Shi kuma ɗan kasuwar ya nuna abin da yake riƙe da shi. Takardar sayarwa ce ta hukuma, wadda muke kira akt da sesiyo? Ko titir fonsiye, babbar takardar mallaka, ko sauƙaƙƙiyarta da ake kira Sheda? Ko kuwa takardar gargajiya ce kawai daga masu gona? Sannan izinin gini. "Da sanin hukuma" ba takarda ba ce. Yamai ta sha ganin fili ɗaya da takardu biyu, musamman tun lokacin da aka biya ma'aikata bashin albashi da filaye a farkon shekarun 2000, takardu suka yi ta yawo hannu zuwa hannu kamar kuɗi.

In ya tabbata filin na jama'a ne aka ba shi, ko aka sayar masa da rahusa don sunan gidajen sauƙi, to nan ƙarfinku yake. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ginin tsakiyar gari, ƙasa ce ke cin kaso mai tsoka na kuɗi. Wanda aka sauƙaƙa wa ƙasa da sunan talaka, talaka na da haƙƙi a kansa, kuma ba roƙo za ku yi ba. In kuwa filinsa ne ya saya da kuɗinsa a farashin kasuwa, takardunsa cikakku, gaskiya hannunku bai da tsawo. Sai lallashi, da riƙe shi kan ƙa'idar gini da magudana.

Abin da zan nema in ni ne kai, kaso na haya. A ce cikin 50, a ware wani adadi, ko 15 ne, a mayar da su ƙananan ɗakuna, ciki da falo da bayi, waɗanda ba za a sayar ba, haya za a riƙa bayarwa kan kuɗin da aka rubuta, da ƙa'idar yadda za a ƙara shi da bayan shekara nawa. Gida ɗaya na miliyan 12 zai iya zama irin waɗannan biyu. Zai ce ba riba. Ku ce ya ɗauki shagunan bakin hanya, ya sayar da gidajen kusurwa da tsada, su ɗauki nauyin sauran. 'Yan kasuwa sun san wannan lissafi sarai, ba sa dai fara faɗa. Wurin da abin ke ruɓewa shi ne riƙo: wa zai karɓi haya, wa zai gyara famfo, wa zai fitar da wanda ya ƙi biya. In ba a faɗi wannan a takarda ba, bayan shekara uku za ka tarar ɗakunan sun koma hannun dillalai.

Na sayarwar kuma, a kafe sharuɗɗan samu a ƙofar mai unguwa da masallatai tun kafin a fara rajista. Mazauna unguwa na da fifiko, wanda ke da gida a Yamai ba ya ciki, mutum ɗaya gida ɗaya, kar a ga sunan mata da 'ya'ya da direba. In masu nema sun fi gidaje yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a, yaro ya sa hannu a ƙwarya. Sannan a hana sayarwa ko bayar da haya na wasu shekaru, a rubuta hanin a jikin takardar gidan, gaban notar, mai tabbatar da takardu a hukumance. Na taɓa komawa wani rukunin da aka raba da sunan masu ƙaramin ƙarfi, bayan 'yan shekaru. Na bi layi ɗaya ina sallama ƙofa ƙofa. Yawancin waɗanda suka buɗe mini 'yan haya ne, masu gidajen suna unguwannin masu hali, Koira Kano da Plateau, wani ma yana ƙasar waje.

Iyalan da ke cikin bukkoki kada a manta da su, don su ba su da mai magana. Dokar karɓe ƙasa don amfanin jama'a, ta 1961 da aka gyara a 2008, ta tanadi diyya, amma wanda ba shi da wata shaida kan wurin da wuya ya ci moriyarta, balle in aikin na ɗan kasuwa ne. Abin da zai cece su shi ne ku sa su cikin yarjejeniya. Ku ƙirga su yanzu, suna da yawan iyali da shekarun da suka yi, mai unguwa ya sa hannu, don da an ji ƙishin-ƙishin ɗin rabo, bukkoki takwas za su wayi gari 30. A ba su wa'adi na mutunci, ba cikin damina ba, ba tsakiyar shekarar karatu ba, a ba su fifiko a ɗakunan haya da aikin gadi da leburanci. Yara masu ƙwallo su ma a bar musu kusurwa, ko ta mita 20 ce kan 30, da bishiya biyu. In ba haka ba titi za su koma.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Ko an gina 50 ɗin nan yadda ake so, gidajen gado za su ci gaba da fita ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke zubewa ta can ya fi abin da za ku tara ta nan. Tsofaffin masu gidajen haya su ne suka ɗauki talakan Yamai shekara da shekaru, ba wata hukuma ba. In kwamitinku na son aiki mai ɗorewa, ya zauna da su. Wani magajin ba sayarwa yake so ba, kuɗin gyara ne ba shi da shi, ko takardar gidan har yau da sunan kaka take, ba mai ba shi bashi a kanta. Na ga iyalin da suka sayar da rubu'in gidansu ta bakin hanya, suka sake gina sauran da kuɗin, 'yan hayarsu ba wanda ya tashi, kuma kowane magaji ya sami ɗakuna biyu da sunansa. Yana buƙatar haƙuri da malamin rabon gado mai basira da mai awo mai tsoron Allah, amma yana yiwuwa.

Ranar taro, kar a fara da wa ya yarda wa bai yarda ba. Ka roƙi mai unguwa, cikin ladabi kuma tun kafin ranar, ya bari a fara da karanta takardun fili da shimfiɗa zane. Ka tabbata 'yan haya sun zo, domin da yawa suna ganin taron unguwa na masu gida ne, wasu kuma tsoron mai gidansu suke ji. Mata a ba su nasu zama, ko da yamma ne a gidan wata Hajiya da suke jin maganarta, don su suka san inda ruwa ke kwanciya da lokacin da famfo ke ɗaukewa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka rubuta duk abin da ɗan kasuwar ya yi alkawari da bakinsa, ka karanta masa a gaban jama'a, ka ce: "Alhaji, haka ka ce?" In ya amsa, ka miƙa masa biro. In ya ce sai ya yi shawara, ku ba shi mako biyu, ku ma ku riƙe amsarku har ya dawo. Kwafi huɗu za ka yi, ɗaya gare shi, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya ma'aikatar magajin gari, ɗaya a akwatinka. Ka kuma ɗauki hoton kowane shafi da wayarka.